Ƙarar ƙaramin injin wutar ruwa kusa da gidaje: yaya za a rage ta?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu da ke tsaunin Mambilla tana shirin kafa ƙaramin injin samar da lantarki a kan rafin da ke gangarowa ta bayan gari, bayan mun ga amfanin da masana'antar shayi ta Kakara ke samu daga injin madatsar Tunga mai ƙarfin kilowat 400. Namu bai kai wannan girma ba, amma wurin da gangaren ya fi dacewa yana kusa da wasu gidaje da makarantar allo, kuma dattawa suna fargabar ƙarar za ta hana mutane barci, tunda injin ruwa ba ya hutawa dare da rana. Ina neman shawarar masana kafin mu zuba kankare.

Injiniyan lantarki:
Wa alaikumus salam, Malam. Fargabar dattawan tana kan hanya, kuma yanzu ne lokacin magance ta, domin gyara bayan gini ya fi tsada. Ƙarar tana fitowa ne daga janareta da bel ko giya, da girgizar da ke bin bututu da harsashi, sannan da ruwan da ke fita daga ƙarƙashin ɗakin injin, wanda mutane da yawa ke mantawa da shi. Ku gina ɗakin da bulo mai kauri ko dutse, ku guji bangon kwano domin yana ƙara amon, ku ɗora injin a kan roba mai kauri, ku binne bututun a ƙasa. Janareta yana buƙatar iska, saboda haka kada a toshe tagogi. A yi musu hanya mai lanƙwasa, a kuma juya su tare da ƙofa zuwa ɓangaren da babu gidaje. A fili, duk lokacin da aka ninka nisa, ƙara kan ragu da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), don haka matsar da ɗakin ko da kaɗan yana da tasiri.

Makanike:
Na yarda da Injiniya, sai dai ina ƙara jan hankali kan mafitar ruwan. Idan aka bar ruwa yana faɗowa daga sama, ƙarar cikin ɗakin ma ta nan take fita. Labulen roba da ya taɓa saman ruwan yana tare ta sosai. Haka kuma mai kula da injin ya san muryarsa ta yau da kullum. Idan ya ji kamar ana niƙa tsakuwa a ciki, ƙananan kumfa ne ke fashewa a jikin farfela suna cinye ƙarfen, idan kuma ƙugi ne mai tsini, boris ne ke neman giris ko canji.

Ma'aikaciyar lafiya:
Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai riƙa zama cikin ɗakin. Ƙarar da ta kai desibel 85 na tsawon awa 8 a kullum tana lalata ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa, saboda haka a saya masa abin toshe kunne tun ranar farko. Game da maƙwabta kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara ta wuce desibel 30 a ɗakin kwana. Ku auna da dare a lokacin rani, domin sa'ad da rafin ya ja baya ne gurnanin injin zai fi fitowa fili.