Wai me za mu kira fixed gear da Hausa, mara firi ko hana-hutu?

Jama'a ina neman taimako kan kalma ɗaya, sunan da za mu ba keken fixed gear da Hausa, kuma wasunku sun riga sun turo min shawarwari. Akwai kekuna iri biyu da Turawa suka raba ma suna, ɗaya fixed gear wanda 'yan gayu ke ce ma fiksi, ɗayan kuma single speed. In ka jingine su a bango ka ja baya ba za ka gane bambanci ba, duka kaca ɗaya ce, faranti mai haƙora ɗaya a gaba ɗaya a baya, babu tarkacen canjin giya da wayoyin nan. Bambancin yana can maƙale a cibiyar tayar baya, kuma shi ne nake so sunan ya nuna.

Shi single speed ai ba baƙo bane, shi ne keken da iyayenmu suka hau, su Rali da Hamba da Phoenix ɗan Chana mai birkin ƙarfe. Yana da firiwil, ka taka ka taka in ka gaji ka tsayar da ƙafa keke na tafiya kana jin ƙarar nan tik tik tik daga baya. Kuma kasuwa ta riga ta raɗa masa suna tun da kekunan Beljiyam masu canji suka shigo, ana cewa wannan mai giya ne wannan mara giya ne. Toh wannan kam ba sai mun wahalar da kanmu ba, mara giya ya zauna.

Matsalar ita ce shi ma fiksi mara giya ne. Sai dai shi babu firiwil, haƙoran baya a ɗaure suke da taya, akwai wani zobe da ake kulle su da shi wanda zarensa ke juyawa ta hagu don kada su kwance. Ma'ana muddin taya na juyawa feda na juyawa, ko kana so ko baka so. Ka taka baya keke ya yi baya. Duk wanda ya taɓa zama kan keken ɗinki na ƙafa ya san abun, in ka ɗage ƙafa matakin bai tsayawa sai wilin ya tsaya.

Na ga shawara ta farko, "keke mai kafaffiyar giya". Malam Allah ya ƙara ilimi, fassarar ta yi daidai kalma da kalma, amma dan Allah ka yi tunanin kanka tsaye gaban mai gyaran keke a bakin kasuwa kana ce masa Baba duba min kafaffiyar giyata. Kallon da zai maka kaɗai ya isa. Ga kuma ita kalmar giyar kanta da take da wata ma'anar da ba sai na faɗa ba, in ka ƙara mata "kafaffiya" sai ta zama kamar wani abu da Hisba za ta zo nema. Kuma ko an bar wasa, giya ɗayan mara giya na gida ma ai a kafe take, ba ta canzawa, kenan sunan bai raba komai ba.

Wani ƙanina ya ce a bar shi fiksi kawai tunda feda da birki da taya duk aro ne kuma babu wanda ya mutu. Gaskiya ne, kuma nasan 'yan tseren keke fiksin za su ci gaba da cewa ko mun so ko mun ƙi. Abun da ya hana ni yarda shi ne, birki da feda kowa na ganinsu da ido, shi kuwa wannan halin keken ɓoyayye ne sai ka hau za ka sani, kuma yawanci a daƙiƙar da ka manta ka tsayar da ƙafa ne za ka sani, fedar ta ɗaga ka daga sirdi kamar za ta wurgar. Mutumin da ya je sayen keke na hannu aka ce masa "fiksi ne" zai ɗauka sunan kamfani ne. Ina son sunan da zai gargaɗe shi tun kafin ya biya kuɗi.

Bari in ɗan faɗi inda abun ya fito don a gane dalilin da yasa bai dace da kowa ba. Keken filin tsere ne, irin zagayayyen filin nan mai gangaren gefe da ake kira belodurom, akwai ɗaya a filin wasa na ƙasa a Abuja da aka gina don wasannin Afirka na 2003. A can babu birki sam a jikin keken, da gangan, saboda kowa hanya ɗaya yake bi kuma babu wanda zai tsaya maka kwatsam a gaba. A Japan akwai tseren keirin da aka fara a 1948, shi ma da irin keken ake yi. 'Yan aike masu kai takardu a keke a New York su suka fito da shi titi ya zama gayu, su dalilinsu shi ne babu abun lalacewa da yawa kuma babu kayan da ɓarawo zai kwance.

Kuma fa kada a ce na tsane shi, yana da nasa alherin. Ba nauyi, ba firiwil ɗin da ƙurar hunturu za ta shiga ta sa ka taka feda ta zame fayau babu abun da ya kama. A cunkoso kana iya rage gudu da ƙafa kaɗan kaɗan, gwanaye ma suna tsayawa cak a danja ba tare da sun sauke ƙafa ƙasa ba.

Amma a ce hawan yau da kullum cikin gari, nan ne nake ja. Ɗauki wanda ake yawan sa wa, haƙori 48 a gaba 16 a baya, wato feda ta juya sau ɗaya taya ta juya sau 3, kusan mita 6 da ɗoriya kenan a babbar taya. Yanzu ka hau gadar sama ka fara gangarowa keke ya kai gudun kilomita 40 a awa, ƙafarka dole ta juya sama da sau 100 a minti ɗaya, ba hutu, ga ɗan adaidaita sahu ya yanko gabanka don ya ga fasinja ya ɗaga hannu. A mara giya na gida sai ka daina takawa ka damƙe birki biyu shikenan. Haka in ka zo rami ko tudun rage gudu, kowa yasan yanda ake yi, ka daidaita feda ka ɗan miƙe tsaye keke ya wuce, toh a fiksi babu daidaita feda, dole ka tsallake ramin kana takawa. A kwana ma in ka kwanta da yawa fedar ciki na iya dukan kwalta tunda baka isa ka riƙe ta a sama ba. Mutanen Jos da hawa da gangara kam ban ma san yanda za su yi da shi ba, gwiwa ce za ta biya.

Wanda ya fi damuna kuma shi ne kayan jikinmu. Mu da kaftani da wando mai faɗin ƙafa muke hawa keke, wani ma da babbar riga ran Juma'a. A keke mai firi in kaca ta kama bakin wando ka tsayar da feda, ka juya ta baya ka zare, asarar ka baƙin mai a wando. A wannan kuwa kacar ba ta tsayawa sai taya ta tsaya, za ta ci gaba da naɗe wandon tana jan ƙafar. Masu gyara ma su kula da yatsunsu in sun kifa shi suna juya taya suna goge kaca.

Yaya na da ya kawo "mai birkin feda", a'a wannan wani keken ne daban kuma yana da kyau da ka tuno da shi. Akwai irin na Holan da na yara wanda in ka taka baya sai birki ya kama, amma yana yin firi lafiya lau. A bar masa wannan sunan, nasa ne. Shi fiksi takawa baya ba birki bane, ƙarfin cinyarka ne kawai ke kokawa da taya, masu iyawa suna ƙanƙame ƙafa tayar baya ta ja ƙasa, wanda kuma cin taya ne. A Ingila doka na ɗaukar wannan a matsayin birkin baya amma dole a sa na gaba. A 2016 wani matashi a Landan ya buge wata mata da keken tsere mara birkin gaba ta rasu, kotu ta yanke masa wata 18 a 2017. Don haka duk wanda zai hau titi da shi a sa birkin gaba dan Allah, gayu ba zai tsayar da kai ba.

Biyu suka rage min cikin abun da kuka turo. "Mara firi" shi ne wanda mai gyara zai gane nan take, don ko direban mota ka ce ma ya sa ta a firi ya san me kake nufi, kuma yana tafiya tare da mai giya da mara giya ba tare da an ji wani baƙon abu ba. Ɗayan kuma "hana-hutu", wanda ya kawo shi Allah ya biya shi, ya zo a ƙirar su hana-salla da dafa-duka da a-kori-kura, yana da daɗin faɗi kuma ya faɗi gaskiyar abun da ƙafa za ta gani. Wata 'yar uwa ta ce ai hana-hutu zai iya zama sunan kowane abu mai wahalarwa har da maƙwabci mai janareta, haka ne Hajiya, amma in aka ce keke hana-hutu an gama magana.

Toh ga yanda zan riƙa rubutawa daga yau. Single speed shi ne mara giya, in ana son a fayyace a ce mara giya mai firi. Fixed gear a rubutu da wajen gyara keke mara firi, a hira kuma hana-hutu. Akwai kuma tayar baya da ake yi da haƙora gefe biyu, ɗaya mai firi ɗaya mara firi, ka kwance taya ka juya ta ka samu wanda kake so, wannan mai baki biyu nake ganin za mu ce mata, in akwai mai ja sai ya kawo nasa.