Wace kwalbar single malt ce ta dace da mai ƙaramin ƙarfi?

Sabon Shiga: Barkanmu da yamma, 'yan zaure. Ina neman shawararku a kan wuskin da ake rubuta wa Single Malt a jikin kwalba. Na daɗe ina sayen gauraye, yanzu kuma ina so in gwada na masana'anta ɗaya, sai dai aljihuna ba zai ɗauki mai shekara 18 ba. Da wanne zan fara, wanda kuɗina ba za su tafi a banza ba?

Matafiyi: Ka fara da Glenfiddich ko Glenlivet mai shekara 12, domin dukansu na yankin Speyside ne a ƙasar Sikotilan, suna da sauƙin samu, kuma ba su da kaifin da zai kori sabon baki.

Kawu: Ɗana, kafin a cika maka kunne da sunaye, bari in gaya maka abin da ya same ni, don kada ka taka inda na taka. Ranar da na fara sayen irin wannan wuski, idona ne ya yi mini zaɓi. Na ga wata kwalba a cikin akwati mai rufin zinariya, ruwan cikinta ya yi ja jawur kamar zuma, sai na ce a raina lallai wannan ya daɗe a ganga. Na biya kusan ninki biyu na abin da na yi niyyar kashewa, na kai gida na ajiye har wata uku ina jiran ranar da ta dace. Da na buɗe na zuba, ƙanshin bai kai ko'ina ba, ɗanɗanon kuma ya ɓace kafin in ajiye kofin. Sai a lokacin na juya kwalbar na duba da kyau, na ga babu adadin shekaru a ko'ina a jikinta, ƙarfin barasar cikinta kuma kashi 40 cikin 100 ne daidai, wato mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi. Daga baya na fahimci cewa dokar Sikotilan ta amince a ƙara launin karamel a wuski, saboda haka jan launin da ya ruɗe ni ba shaidar tsufa ba ne ko kaɗan. Kuɗin akwati na biya, abin kuma har yau yana yi mini ciwo. Tun daga ranar nake karanta takardar kwalba daga sama har ƙasa kafin in sa hannu a aljihu, kuma kai ma abin da nake so ka fara koya ke nan.

Malamin Kimiyya: Maganar Kawu tana kan hanya, kuma zan ƙara da abin da dokar shekarar 2009 ta tanada. Ba a kiran wuskin Sikotilan single malt sai an yi shi da tsiron sha'ir zalla, a masana'anta ɗaya, an tace shi a tukwane, sannan ya kwana aƙalla shekara 3 a gangar katakon oak a cikin ƙasar. Idan an rubuta 12, to, mafi ƙarancin shekaru a cikin abin da aka haɗa a kwalbar 12 ne. Ni abin da nake nema shi ne ƙarfin kashi 46, domin masu cika kwalba a wannan ƙarfi yawanci ba sa sanyaya wuskin su tace maiƙonsa, kuma wannan maiƙon ne yake sa ka ji nauyinsa a harshe. Arran mai shekara 10 da Deanston mai shekara 12 duk suna cikin wannan sahu, kuma ba sa cikin masu tsada.

Anti: Ƙanena, ka kuma kula da kalmar Blended Malt, don ba ɗaya suke ba. Monkey Shoulder, alal misali, yana da daɗi, amma haɗin masana'antu ne.

Autan Zaure: Ni dai da za a bi tawa, Laphroaig mai shekara 10 zai saya, ya san ya sha abu mai hali.

Anti: Auta, ban yarda a tura sabon shiga tsibirin Islay, inda ake yin Laphroaig, a ranar farko ba. Ana busar da tsiron Laphroaig da hayaƙin ƙasar fadama mai cin wuta, kuma wanda bai saba ba zai ji ƙanshin hayaƙi da na maganin asibiti tun kafin kofin ya kai bakinsa. Masu sonsa suna sonsa ƙwarai, ni ma ina cikinsu, amma na ga wanda ya kurɓa sau ɗaya ya bar kwalba guda a kan kanta har shekara. Mai ƙaramin ƙarfi ba shi da kwalbar asara. Idan yana son sanin Islay, ya nemi Bunnahabhain mai shekara 12, wanda hayaƙinsa kaɗan ne, ko kuma ya sayi 'yar ƙaramar kwalba mai santilita 5 ya gwada tukuna.

Matafiyi: Idan kaifin ya yi masa yawa, sai ya jefa ƙanƙara a ciki.

Kawu: A nan ne muka raba hanya, Matafiyi. Sanyi yana danne ƙanshi, kuma ƙanshin ne mutum ya biya kuɗi dominsa. 'Yan ɗigon ruwa mara sanyi sun isa su buɗe shi.

Matafiyi: Kawu, ina girmama ra'ayinku, amma wanda ya sayi kwalba da guminsa yana da ikon shan ta yadda ransa ya so.

Malamin Kimiyya: Akwai wani abu da ba a taɓo ba, shi ne ganga, kuma ita ce take yanke yawancin ɗanɗano da wani ɓangare na farashi. Dokar Amurka ta ce sai a sabuwar ganga da aka babbake cikinta ake ajiye wuskin bourbon, shi ya sa tsofaffin gangunansu suke da yawa da araha, masana'antun Sikotilan kuma suke saye, su ne suke ba da ɗanɗanon banila da zuma. Gangar da ta taɓa riƙe giyar sherry ta Sifaniya ta fi tsada nesa ba kusa ba, tana kuma kawo ɗanɗanon busassun 'ya'yan itace. Ga kuma kusan kashi 2 cikin 100 da yake bin iska ta jikin katako a kowace shekara, wanda yana cikin dalilan da suka sa mai shekara 18 yake tsada haka. Mai neman sauƙi ya karkata ga gangar bourbon, kuma Glen Moray na garin Elgin misali ne mai kyau.

Autan Zaure: Malam, yaya kuke ganin Amrut na Indiya? Na lura ba sa yawan rubuta shekaru, amma ɗanɗanonsa cikakke ne.

Malamin Kimiyya: Zafin Bangalore, garin da ake yin sa, yana sa wuski ya ja ɗanɗanon katako da sauri, asarar da ake yi ta jikin ganga kuma ta ninka ta Sikotilan sau da yawa, saboda haka ba a auna shi da ma'aunin shekarun can.

Kawu: Duk da haka, ni kwalbar da ba ta faɗi shekarunta ba sai na ɗanɗana ta kafin in saya, ko daga wace ƙasa ta fito.

Sabon Shiga: Na gode muku ƙwarai, Kawu da Anti da sauran 'yan zaure. Zuciyata ta tsaya tsakanin Arran da Glenfiddich. Anti, shin ana samun ƙaramar kwalbar nan ta dukansu biyu, ko sai na sayi babba?