Yaya kuke yin Sallah a ƙasar da ba ta ba da hutunta?

Baƙuwa a Jamus:
Assalamu alaikum, jama'a. Wata takwas ke nan da muka tare a Hamburg, ni da maigidana da yaranmu biyu, kuma Babbar Sallar da ta wuce ranar aiki ta faɗo mana: maigida ya dawo daga idi ya sauya kaya ya tafi ofis, ni kuwa na wuni a ɗaki shiru. Yanzu ga Disamba ta kama, gari ya cika da fitilu, ƙaramin ɗana har ya goge takalminsa a daren 5 ga wata ya ajiye a bakin ƙofa, wai Nikolaus, waliyyin Kiristoci da ake cewa yana kawo wa yara kyauta, zai zuba masa alewa kafin gari ya waye. Ku da kuka daɗe a waje, me kuke yi har yara su ɗauki Sallah a matsayin bikinsu?

Tsohon mazaunin Hamburg:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin yi dacen gari, domin tun shekarar 2012 gwamnatin Hamburg ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin Musulmi wadda ta amince da ranakun idi, saboda haka ki sanar da makaranta a rubuce tun da wuri, za a ɗauke wa yaran karatun ranar. Sannan ki yi cefane kafin azahar ɗin 24 ga Disamba, don kantuna ba sa buɗewa a ranakun 25 da 26.

Uwar yara a Birmingham:
Ƙanwata, ni ma na sha wannan kaɗaicin, kuma abin da na fahimta shi ne a nan Sallah ba ta zuwa ta same ki, ke ce za ki shirya ta. Mu gida biyar ne muke karɓa-karɓa, duk shekara a taru a gidan mutum ɗaya bayan an sauko daga idi a filin Small Heath, inda dubban mutane ke sahu a kan ciyawa idan ruwan sama ya bari. Hutun kwana biyu nake nema a wurin aiki, tunda ganin wata kan raba masallatai. Layya kuwa sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, naman ma wani lokaci sai washegari yake isowa, shi ya sa nake nuna wa yara rabonsa kashi uku da hannuna.

Malami a New York:
Hajiya, mu makarantun gwamnati na birninmu suna rufewa ranakun idi tun 2015, amma hutu kaɗai bai sa yarana ɗokin Sallah ba. Kada ki tsawata wa yaron a kan takalmi, alewa yake so da abin da zai ba abokansa labari. Ki ƙawata ɗaki tun ana sauran mako, ki naɗe masa kyauta, ki kuma ba shi abinci ya kai wa maƙwabtan da suka aiko muku da gaisuwar Kirsimeti.