Tsakanin Sony VG20 da Canon C100, wacce za mu saya don fim ɗinmu?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ni da abokaina mun rubuta labari mai dogon zango muna so mu riƙa sakawa a YouTube, ba mu da furodusa karo-karo muka yi. Da Canon 600D muke ɗaukar biki, to ita kafin minti 12 take yanke ɗauka kuma sautinta sai a hankali. Yanzu an kawo min Sony NEX-VG20 ta hannu da lensinta 18-200, wani kuma yana da Canon C100 babu lensi amma kuɗinta ya fi. Lensin da muke da su 50mm f/1.8 ne da 18-55 ɗin da ya zo da kyamarar. Kuɗin ba namu ba ne mu kaɗai shi ya sa nake tsoron yin gaggawa.

Baba Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam ƙanena. In kuɗin zai kai ka ɗauki C100 kawai. Bakinta inda ake ɗaura lensi irin na Canon ne wato EF, lensinka biyun nan duk za su hau ba sai ka nemi adafta ba. Amma babban dalilina ND ne, wato gilashin da ke rage hasken da ke shiga kyamara. Ka san fim ana ɗaukarsa hoto 25 a daƙiƙa, shota wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto tana kan 1/50 na daƙiƙa, to ka fita da wannan setin cikin ranar Kano da azahar ka gani, hoto fari fat zai yi, dole ka matse lensi zuwa f/16 ko sama, kana matsewa kuma bayan jarumi ya fito tar, wannan dishi-dishin da ya sa kake son babbar sensa, wato allon cikin kyamara da ke karɓar hoto, ya tafi kenan. C100 tana da gilashin ND guda uku a cikinta, juyawa kawai za ka yi ka rage haske ka bar lensinka a buɗe. VG20 ba ta da shi. Sannan a hannun C100 akwai XLR biyu, wato manyan ramukan jona maik, masu ba maik wutar 48V, sai ka jona bum wato maik mai doguwar sanda kai tsaye, ita kuwa Sony ƙaramin ramin 3.5mm gare ta. Wancan 18-200 ɗin ma kar ya ruɗe ka, daga f/3.5 yake farawa kana zum yana rufewa har 6.3, a ɗaki da daddare wahala za ka sha.

Sanin Edita:
Baba da girmanka amma ni ban ga laifin VG20 ga masu farawa ba. Bakinta na E tazararsa da sensa 18mm ce, na Canon 44mm, shi ya sa kusan kowane tsohon lensi yana hawa kanta da adafta mai arha, har irin Helios 58mm ɗin nan na zamanin Tarayyar Sobiyet da ake samu a banza. ND kuma ai akwai na ɗaurawa a gaban lensi. Kuma kar a manta C100 ta farko ta 2012 ba ta ɗaukar 50p wato hoto 50 a daƙiƙa, sai Mark II ta 2014, VG20 kuwa tana yi, in akwai waƙa a fim ɗin kana son tafiyar jaruma ta yi sannu-sannu za ka gode mata. Ragowar kuɗin a sayi fitila da rakoda ko da Zoom H4n ce. Mutanenmu suna haƙuri da hoto amma da zarar ba sa jin magana sun wuce.

Baba Mai Kyamara:
Maganar sauti gaskiyarka ce Sani. Sai dai ka sa wa jarumi hula zanna ko saƙi ka ɗauka da VG20, zanen ya dinga rawa yana fitar da wasu launuka, haka rufin kwano daga nesa, don sensar ta ɗaukar hoto ce aka aro. Wannan ko kai ba ka iya gyara shi a editin.

Maman Iman:
Ni abin da zan ƙara ka duba daga ina kyamarar ta fito. Wutarmu 50Hz ce ta Amurka 60Hz, VG20 ta Amurka 24p da 60 take ɗauka, ta Turai ita ce mai E a ƙarshen sunan mai 25 da 50. In ka ɗauka da setin 60 a ƙarƙashin doguwar fitila ko ƙananan LED na kasuwa hoton ƙyaf-ƙyaf zai riƙa yi, an sha kawo min irinsa in gyara ina ji ina gani aikin kwana da kwanaki ya lalace. Sannan 50mm ɗinka a kan sensar kyamarorin nan biyu kamar 75 zuwa 80 yake zama, a ɗakunanmu sai bayanka ya taɓa bango ba ka samu mutum biyu a kan tabarma ba. Ka yi tanadin mai faɗi kamar Tokina 11-16 f/2.8, in hali ya yi Sigma 18-35 f/1.8 shi kaɗai zai iya riƙe maka rabin fim ɗin. Lokacin hunturu kuma kar ka kuskura ka canza lensi a fili, shiga mota ko ɗaki, kashe kyamarar, kifa bakinta ƙasa. Kafin ka biya ka matse lensi f/16 ka ɗauki farin bango, duk wani ɗigo da ke kan sensa zai nuna.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri. Anti na duba, VG20 ɗin babu E a jikinta, daga Amurka aka kawo ta. Mun zauna da abokaina za mu cika mu ɗauki C100, Tokina sai bayan mun saki kashi na farko. Baba batirinta fa, ɗaya kawai mai ita yake da shi.

Baba Mai Kyamara:
BP-955 take ci, in ka samu BP-975 ya fi daɗewa. Ka nemi ƙarin biyu da caja daban, kuma ranar da za ka je karɓa tafi da maik da katin SD biyu ka gwada XLR ɗin duka da ramukan katin a gaban mai ita kafin kuɗi ya bar hannunka.