Hasumiyar Texas Ta 4: Guguwa Ce Ta Ci Su Ko Sakaci?

Tsohon Soja: Jama'a, yau 15 ga Janairu. A rana irin ta yau a 1961 ne hasumiyar sojan saman Amurka, wadda ake kira Hasumiyar Texas ta 4, ta rufta cikin tekun Atlantika da mutum 28, sojoji 14 da fararen hula 14 masu aikin gyara. Ko ɗaya bai tsira ba. An kafa ta ne mil 60 da 'yan kai daga gaɓar Long Island ta jihar New York, ɗauke da na'urorin hango jiragen yaƙin Sobiyat tun daga nesa. Ni dai a ganina guguwa ce ta ci su. Soja yana bakin aikinsa ajali ya riske shi. A tuna da su, a bar tone-tone.

Injiniya: Baba, a gafarce ni, ban yarda ba. Wannan hasumiya da ciwonta aka haife ta. Ƙafa uku gare ta, aka tsayar da ita a ruwa mai zurfin ƙafa 185, alhali 'yan uwanta hasumiyoyi biyu suna wuraren da ba su kai rabin haka ba. Tun a 1957, ana janyo ta daga Maine, wasu ƙarafan da ke tokare ƙafafun suka ɓalle. Maimakon a koma da ita gaɓa, sai aka yi mata kwaskwarima a tsakiyar ruwa. Baba, ka san ƙotar fartanya idan ta fara lilo: duk saran da ka yi, ramin ƙara faɗi yake. Haka kusoshin mahaɗarta suka riƙa cin ramukansu da kowace igiyar ruwa.

Malama: Ai su kansu mazauna cikinta "Old Shaky" suke ce mata, wato tsohuwa mai karkarwa. Wanda ya raɗa wa makwancinsa wannan suna ya san abin da yake ji a ƙarƙashin gadonsa.

Tsohon Soja: Malama, ku tuna zamanin yaƙin cacar baka ne. Jiragen kamun kifin Sobiyat suna shawagi a yankin, ana tsoron da an bar wurin ba kowa za su hau su kwashe kayan sirri. Ni na yi gadi a wurin da na san ba lafiya, ban tafi ba, don ba a ce in tafi ba. Kuma kotun soja ta wanke Kanar William Banks, hafsan sojan sama da aka tuhuma da sakaci a kan lamarin.

Injiniya: Wanke mutum ɗaya ba ya nufin babu laifi. Kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata John Stennis ya bincika a shekarar, ya ce kuskuren ɗan Adam ne, ya kuma raba shi tsakanin masu zanen, 'yan kwangila, sojan sama da na ruwa. Guguwar Daisy ta bugi hasumiyar a 1958, Donna ta ƙara mata a Satumban 1960. Wata huɗu ke nan ana da damar kwashe kowa. Kyaftin Gordon Phelan, shugaban wurin, ya nemi a ɗauke mutanensa. Izini bai zo ba sai da yammacin ranar, lokacin da iska ta riga ta hana jirage masu saukar ungulu tashi. Babban jirgin ruwan yaƙi Wasp yana hanya, jirgin da ke kai musu kaya, New Bedford, yana kusa. Bayan ƙarfe bakwai na dare sai hasumiyar ta ɓace daga na'urar hangensu.

Ɗalibi: Baba, tambaya ce ba gardama ba. In don kayan sirri ne, me ya sa aka bar fararen hula 14? Su ba su yi rantsuwar soja ba.

Hajiya: Allah ya yi maka albarka, yarona, wurin da ke ci mini rai ke nan. Kuna ta maganar ƙarfe da kwamiti, ni matan nake tunani. Gawa biyu kacal aka samu. Gidaje 26 ba su da kabarin da za su ziyarta. Mijina ya rasu a asibiti ina riƙe da hannunsa, na ga makararsa ta fita, amma har yau wani lokaci ina jin kamar zai yi sallama. To ina ga wadda ba ta ga komai ba? Sai da aka shekara 50, a 2011, kafin Shugaba Obama ya rubuta wasiƙar girmama su. Iyayen da yawa ba su kai ga jin ta ba. Baba, mun yarda da ƙaddara, amma matar da ta tambayi wa ya jinkirta izinin nan tana da haƙƙin a ba ta amsa.

Tsohon Soja: Hajiya, maganarki ta shige ni. Ba zan janye cewa sojojin sun yi abin da ya wajaba a kansu ba, kuma da ni ne a wurin da na tsaya. Amma tambayar yaron nan, ta fararen hula 14, tun ɗazu nake juya ta, ban samo mata amsa ba.