Neman Jami'a a Amurka Ba Tare da Biyan Kuɗin Fom Ba

A wata tattaunawa kan yadda za a nemi jami'a a Amurka ba tare da biyan kuɗin fom ba, shawarar da aka fi nanatawa ita ce a fara da Common App, wato shafin intanet da ake neman jami'o'i da yawa da fom ɗaya. Akwai gurbin da ɗalibi zai nuna ba shi da hali, malamin da ke ba ɗalibai shawara a makarantarsa ya tabbatar, sai a yafe kuɗin, wanda kan kai dala 50 zuwa 90 a kowace jami'a. Masu neman jami'o'i har 10 sun san nauyinsa.

Wasu suka ce a rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai imel gajere, a faɗi halin gida ba kunya, a roƙi a yafe kuɗin fom. Galibi sukan amsa. Kwalejojin Grinnell, Carleton, Colby da Wellesley kuwa ko sisi ba sa karɓa na kuɗin fom. Sai dai an ja kunne: fom ɗin neman tallafi na CSS Profile kuɗinsa daban ne, nan mutane kan sha mamaki.