Sandar giyar Beetle ɗina ta saki sai lilo take, a taimaka da shawara

Mai_Kunkuru78:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu sanin tsofaffin motoci ku agaza min. Ina da Volkswagen Beetle ta 1978, irin waɗanda aka harhaɗa a Legas, ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, sabuwa ya saye ta lokacin yana koyarwa kuma duk gidanmu babu wanda ba a kai shi makaranta a cikinta ba, shi ya sa na kasa rabuwa da ita duk da masu tayawa suna ta zuwa. Ta yi wajen shekara shida a ajiye, bara na tashe ta, inji lafiya lau yake bugawa alhamdulillah.

Matsalar sandar giya ce. Ko motar tana cikin giya sai ka ga sandar tana yawo hagu da dama kamar ludayi a ƙwaryar fura, ba ka ma gane a firi take ko a lamba uku. Lamba ɗaya sai na lallaɓa na yi ta lalube kafin ta shiga, lamba biyu kuma wani lokaci in na ja sai in ji ƙurrr kamar ribas za ta faɗa, gabana har faɗuwa yake. In na hau titi na ɗan taka kuwa sandar ta dinga kakkarwa kenan tana ƙara zzzz sai na ɗora hannu a kai take yin shiru. Shekaranjiya a cikin gosulo na kusa minti guda ina neman lamba ɗaya ana ta danna min hon ta baya.

Na kai wa wani bakanike ko leƙawa bai yi ba ya ce giyabos ne, sai an sauke inji an buɗe. Ni kuma raina bai kwanta ba don in giyar ta shiga ba ta fita, kuma ba ta kuka a tafiya. Shin da gaske sai an sauke? Ko akwai abin da zan fara dubawa?

Bakaniken_Fanteka:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan Baba. Kar ka bari a sauke maka inji tukuna, abin da ka lissafo duk ba alamar cikin giyabos ba ce.

Ka san ita wannan motar injinta da giyabos a baya suke, sandar giya kuma tana gaba, to abin da ya haɗa su wani dogon rodi ne da ya bi ta cikin wannan tudun da ke tsakiyar mota tsakanin kujeru. Wuri biyu ne ke cinyewa a jikinsa kuma ina da yaƙini duka biyun sun tafi a taka.

Na farko yana ƙarƙashin kujerar baya. Ka ɗaga kujerar za ka ga ɗan murfin ƙarfe a kan tudun da sukuru ɗaya, ka kwance. Amma kafin nan ka cire kan batir don shi ma a nan yake ta dama, kuma sifirin ɗin kujera in ya taɓa kawunan batir wuta yake tayarwa, na ga kujerar da ta ƙone ta haka. In ka buɗe murfin za ka ga kofila, wato mahaɗin rodi da ƙarfen da ya fito daga hancin giyabos, akwai roba biyu a cikinsa. Ka sa yaro ya dinga kaɗa sandar a gaba kai kana kallo da tocila. In rodi yana juyawa amma ƙarfen giyabos bai motsa ba sai daga baya to robar ta mutu. Akwai kuma wani ɗan noti mai kai murabba'i da ke riƙe kofilar, shi ma yana kwancewa, asali da waya ake ɗaure shi don kar ya warware, in ka tarar babu wayar to wani ya taɓa wajen bai mayar ba. Tsininsa yana da ɗan gurbi a jikin ƙarfen da yake zama, ka tabbata a cikin gurbin ya sauka kafin ka ɗaure.

Na biyu shi ne mai sa kakkarwar nan da ƙara, wani ɗan bushin ne na roba mai tauri wanda bai kai murfin kwalba biyu ba, yana cikin wani marataye a cikin tudun daf da bayan ramin sandar giya. Shi ke riƙe rodin. In ya farfashe sai rodi ya dinga kwanciya a kan ƙarfe tsirara. Kayan ba tsada amma sa shi akwai cin rai, don sai rodin ya fita daga marataye gaba ɗaya. Ka kwance noti biyu masu lamba 13 da ke gindin sandar ka zare ta, a hankali don akwai sifirin a ƙasa da wani faranti, ka raba kofila a baya, sannan ka je gaban mota ka cire safaya, tsakanin bututu biyu na bim ɗin gaba, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin gaba, akwai murfi mai noti biyu lamba 10, ta nan rodin zai fito. Da filaya mai dogon baki ake tura shi ta ramin sandar kaɗan kaɗan. Kafin ka fara turawa ka ɗaura igiya mai ƙarfi a wutsiyarsa ta baya, ita za ta taimake ka wajen jawo shi ya dawo, wanda bai ɗaura ba yakan wuni yana lalube. In ya fito ka goge tsatsar da sanfefa ya yi sumul, ka sa sabon bushin da zobensa ya zauna daram a marataye, ka shafe rodin da giris sosai ka mayar.

Ni a gareji da yaro ɗaya daga hantsi zuwa la'asar mun gama.

Abban_Ummi:

Oga ya faɗi gaskiya amma wannan zare rodin wahala ce wallahi. Ni lokacin da nake da irinta mai walda na kai wa ya yanka min 'yar taga a gefen tudun daidai wajen bushin ɗin, muka tsaga guntun tiyo muka naɗa muka ɗaure da waya aka mayar da ƙarfen aka like. Awa ɗaya an gama kuma na yi kusan shekara ina hawa kafin na sayar.

Tsohon_Direba:

Abban Ummi ka yi haƙuri ɗana amma kar ka ba shi wannan shawarar. Wannan tudun da kake gani shi ne ƙashin bayan motar, duk nauyinta a kansa yake, kuma bututun fetur ta cikinsa ya bi daga tankin gaba zuwa inji, haka wayar kuloci da ta totur. Ka kai wutar walda wajen da fetur ke bi? Allah ne ya tsare ka. Kuma mota ce ta gado, wanda ya riƙe ta tun 1978 bai yanka ta ba.

Ni abin da zan ƙara a kan maganar Oga shi ne batun lamba biyu da ke neman faɗawa ribas. A Beetle ribas ai maƙwabciyar lamba biyu ce, danna sandar ƙasa ake yi a kai hagu a ja baya, kuma abin da ke hana ka faɗawa can ba da niyya ba shi ne wannan farantin da ke ƙarƙashin gindin sandar, yana da ɗan leɓe da ya tashi sama. In leɓen ya cinye ko an mayar da farantin a juye to za ka yi ta jin ƙurrr ɗin nan, kuma ribas ba ta da sinkoro, wato zoben da ke daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu, haƙoranta kake ci duk ranar da ta yi wannan ƙarar. Don haka kafin ka cire komai ka ɗauki hoto da waya, ka kuma zagaye gindin sandar da alli ko ƙusa don ka san inda yake zaune, saboda ramukan notin dogaye ne ana matsar da shi gaba ko baya, da shi ake saita giyar. In ka mayar kar ka ɗaure tamau, ka sa lamba biyu ka ga sandar ta tsaya daidai, ka gwada duka huɗun da ribas mota a kashe, sai ka ƙarasa ɗaurewa. Wani lokaci kaurin ƙwayar shinkafa kawai za ka matsar komai ya daidaita.

Sannan ka leƙa ƙasa ka duba mawuntin na giyabos, wato robobin da ke riƙe shi a jikin mota, ɗaya a hanci biyu a baya. Motar da ta yi shekara shida a tsaye robarta ta bushe. In na hancin ya rabu giyabos ɗin ne da kansa ke motsi in ka saki kuloci, ko ka sa sabon bushin sandar za ta dinga zillo. Kuma don Allah kar ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai, ka sa mata waigi da katako mai kauri.

Mai_Kunkuru78:

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba Tsohon Direba na ji kuma ba zan yanka ba in sha Allahu. Yau bayan sallar asuba na ɗaga kujerar baya kamar yadda Oga ya ce. Wallahi robar kofilar ɗaya babu ita sam, ɗayar kuma ina taɓa ta da sukudireba ta ruguje kamar busasshen ƙuli-ƙuli, notin nan mai kai murabba'i da yatsa na juya shi, babu waya a jiki. Na zare sandar kuma na haska ramin da tocila na hango maratayen fayau ba bushin, sai wasu 'yan gutsattsarin farar roba a ƙasa cikin ƙura. Farantin na ɗauki hotonsa kafin na taɓa, leɓen ya ɗan cinye ta gefe guda.

Gobe zan shiga Ƙofar Ruwa neman kayan. Oga tambayata, in na samu kofila ta Beljiyam da kuma sabuwa wacce zan ɗauka? Kuma farantin a canza shi ko a bar shi?

Bakaniken_Fanteka:

Kejin ƙarfen kofilar, wanda robar ke zama a ciki, in naka bai fashe ba ka bar shi, na asali ya fi yawancin sababbin kauri, robar kawai za ka saya kuma sabuwa, roba ba a sayen tsohuwa. Bushin ma sabo, ka ɗauki biyu don ana iya fasa ɗaya wajen sawa, kuma ka tabbata an haɗo maka da zoben. Farantin ka canza tunda ya fara ci. Ka tafi da tsofaffin a leda ka gwada da ido a gaban mai shago, kar ka yarda da "ai duk ɗaya ne", don kofilar tsofaffin ƙira daban take da ta irin taka. In ka zo mayar da rodin ya ƙi shiga bushin kar ka doke shi da guduma, ka ƙara giris ka dinga murza shi da filaya yaro yana jan igiyar ta baya a hankali.